Ta'aziyyar da Ta Dawo da Ni Daga Landan

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tambaye ni, a layin karɓar magani a tambaye ni, har mai kayan miyan bakin layinmu sai da ya ce, "Malama Rabi, ya Landan? Hutu aka zo?" Da farko cewa nake sanyi ne ya koro ni, a yi dariya a wuce wurin. To na gaji da yi wa sanyi ƙazafi. Wata bakwai na yi a can, ba hutu na zo ba, kuma ba komawa zan yi ba. Ga yadda aka yi a rubuce, mai son ji ya karanta ya hutar da bakina.

Shekara goma sha tara na yi ina koyar da kemistiri a wata sakandaren 'yan mata a Kano. Ɗakin gwajinmu suna ne kawai, kwalabe a jere babu komai a ciki, famfo kuwa tun ina sabuwar malama ya daina kawo ruwa. Da zoɓo da kanwa da lemon tsami da toka nake koyarwa, kuma ba yabon kai ba, 'yan matana suna cin jarrabawa. Wata tsohuwar ɗalibata da ke karatu a Ingila ce ta matsa min na nemi aiki a wata makarantar ƙasa da ƙasa a Landan, irin wadda 'ya'yan jakadu da na manyan ma'aikatan kamfanoni suke yi. Sau uku suka yi min tambayoyi ta bidiyo, suka ɗauke ni. Sharaɗinsu wata shida na gwaji. In sun gamsu su tabbatar da ni, a lokacin zan iya ɗauko ɗana Abba, wanda zan bari wurin yayata Asabe a Gwammaja. In ba su gamsu ba, bizata a ɗaure take da aikin, ita ma ta tafi. Na nemi hutun shekara a wurin aikina ban samu ba, sai na ajiye aikin gaba ɗaya. Yaya Asabe ta ce wauta ce, na ce mata baƙin ciki take yi min, muka yi dariya.

Ta Abuja na tashi. Ƙanen marigayi mijina ne ya kai mu a motarsa, ni da Yaya Asabe da Abba. Taya ta fashe mana bayan mun wuce Kaduna, muka sha rana a gefen titi, ita kuwa Yaya ta samu damar ƙara cusa min kaya a akwati: kilishi, daddawa, kuka, yaji, zoɓo kwano guda, da wani dunƙulen kanwa kamar kan jariri. Abba, mai shekara goma sha biyu, ya riƙe min jakar hannuna har filin jirgi. Sai da zan shige ya ce, "Umma, wata shida kika ce ko?" Na ce wata shida.

A filin jirgin Heathrow wata jami'a mai safar hannu ta ja ni gefe ta buɗe akwatin. Da kilishi ta fara cin karo. Ba ta yi faɗa ba, ta ce ba a shigowa da nama, ta jefa shi kwandon shara a kan idona, kilishin da Yaya ta je har Agadasawa ta zaɓo. Daddawa ta sunsuna ta ja da baya. Da ta zo kan kanwa sai ta kira abokin aikinta, suka tsaya suna juya ta suna kallona. Ni kuma malanta ta motsa, na shiga yi musu bayanin gishirin da ke cikinta da irin tafkin da ake haƙo ta. Matar ta ɗaga hannu ta ce, "Ba darasi na tambaye ki ba. Ci ake yi?" Na ce a miya ake sa ta. Suka mayar min suka sallame ni.

Masaukina a unguwar Tottenham yake, gidan Hajiya Mariya, 'yar zangon Kumasi da ta shekara talatin a Landan tana aikin kula da tsofaffi. Ɗaki ta ba ni a sama, in na shimfiɗa sallaya ƙofa ba ta buɗuwa. Amma mace ce mai kyauta. Ranar farko ta ajiye min shinkafa da wake irin tasu, wadda suke dafawa da karan dafi ta yi ja, ta tsaya a kaina sai da na cinye. Hausarta ta zango ce, "kai" take ce min. Washegari ta raka ni tashar tube, jirgin nan da ke bi ta ƙarƙashin gari. Ina shiga na gaishe da mutanen da ke zaune da Turancina mai kyau. Ko mutum ɗaya bai ɗago ba, wata ma jakarta ta matsar. Hajiya ta zungure ni ta ce, "Malama, nan ba a gaisuwa cikin tube. Za su ce kanka ba daidai, su yi maka report." Na yi dariya, a zatona zolaya ce.

Ranar da aka buɗe min ɗakin gwajin makarantar, ƙwalla na yi. Kowane tebur da famfonsa da murhun gas ɗinsa, sinadaran da na shekara goma sha tara ina rubuta sunansu a allo ga su nan a kwalba da lakabi. Mai kula da ɗakin wani dattijon Bature ne, Derek, ya miƙo min hankici bai tambaye ni komai ba. A makon nan na farko aka zaunar da mu sababbin malamai gaban kwamfuta mu karanta dokokin kare yara da sirrin iyalansu, shafi bayan shafi, a ƙarshen kowanne ka danna ka ce ka yarda. Ba zan ɓoye ba, dannawa kawai na yi ta yi. Hankalina yana can kan kwalaben nan, kuma gani nake uwa kamata, wadda 'yan mata da yawa suka bi ta hannunta, ba kwamfuta ce za ta koya mata riƙon yaro ba.

Aikin da daɗi, da ban haushi. Kafin ki ƙyasta ashana sai kin cike takarda kin faɗi duk haɗarin da ashana za ta iya jawowa. Yara ba sa miƙewa in malami ya shigo. "Miss" kawai suke ce min, kuma ɗan shekara goma sha huɗu ya dubi tsabar idona ya ce bai yarda ba, in sake bayani. Mako biyu ina cika ina batsewa, daga baya na gane abin da na daɗe ina nema ke nan wurin 'yan matana na Kano ban samu ba. Abin da ban taɓa sabawa da shi ba cin abincin rana ne. Kowane malami ya buɗe burodinsa mai sanyi gaban kwamfuta ya ci shi kaɗai, ba tayi ba komai. Ni na kasa. Kullum sai na zagaya da kwanona ina tayi, kullum a ce an gode. Derek kaɗai ya taɓa sa cokali, yajin Yaya Asabe ya sa shi tari har da hawaye, amma washegari da cokalinsa ya zo.

Wata Lahadi Hajiya ta kai ni suna a Plumstead, gidan wani likita ɗan Katsina. An yi waina, an yi funkaso, na ji kamar a gida. Sai dai duk yaron da na yi wa Hausa da Turanci yake amsa min. Na zauna ina kallonsu ina lissafin yadda zan yi da Abba in ya zo, kada bakinsa ya juye. Damuwata ke nan a lokacin.

Derek ne ya taimake ni na yi darasin zoɓo. Mako uku muka yi muna cike takardu, don kanwa ba ta da lakabi ba ta da kamfani. Ranar darasin, a ajin da za su rubuta babbar jarrabawa a watan Mayu, na jera kofuna na jiƙon zoɓo. Na matsa lemon tsami a ɗaya ya ƙara ja, na ɗiga ruwan kanwa a ɗaya ya juye ya yi kore mai duhu. Wata yarinya a layin gaba, Nora, 'yar shekara goma sha shida, iyayenta mutanen Holan, ta ɗaga hannu ta ce, "Miss, wane masani ne ya gano wannan?" Na ce kakata ce, a tsakar gida, tana rage wa zoɓo tsami. Aka yi dariya, ita ba ta yi ba, rubutawa ta yi. Daga ranar ta manne min. Ta kawo jan kabeji daga gida, ta kawo furanni, har karan dafin Hajiya Mariya muka gwada. Ta ce kemistiri za ta karanta a jami'a. Mataimakiyar shugaban makarantar, Misis Helen, tana bayan aji ranar tana rubutu, kuma kafin hutun Disamba ta ce min in aka ci gaba a haka, zaman da za a yi a kaina a Fabrairu sa hannu ne kawai. A ranar na buga wa Yaya na ce a kai Abba a yi masa fasfo.

Da aka dawo hutu a Janairu, kujerar Nora ba kowa. A kwana na uku saƙo ya shigo wa duk malamai: mahaifiyarta ta rasu bayan gajeriyar jinya, iyalin suna so a ba su sarari, in ta dawo kada a tayar mata da zancen. A ɗakin malamai aka ajiye kati mai hoton fure, kowa ya sa hannu ya wuce. Na sa nawa, na je na sami Derek yana wanke kwalabe.

Na ce, "Yaushe za mu je?"

"Ina?"

"Gidansu mana. Gaisuwa."

Ya kashe famfo ya dube ni. "Rabi, ba a zuwa. Katin nan shi ne zuwan."

"Uwa fa ta mutu, Derek."

"Na sani. In suna son mutane za su kira."

Shekara huɗu kafin nan mijina ya rasu. Ban kira kowa ba. Kafin a fito da shi tsakar gida ta cika, kwana bakwai ban hura wuta ba, kuloli ne ke shigowa daga gidajen da ban ma san masu su ba. 'Yan ajina suka zo da hijabansu suka zauna a tabarma, ba su iya cewa komai ba, zamansu kawai ya riƙe ni. To yanzu a ce ɗalibata tana zaune a gida babu uwa, ni in aika mata hoton fure? Maganar a ba su sarari kuwa na ɗauke ta irin kawaicin nan namu, mu ce wa mutum kada ya wahalar da kansa alhali muna duban hanyarsa. Ran Juma'a bayan an tashi na buɗe rajistar ɗalibai a kwamfuta, na kwafi adireshin a 'yar takarda. Ko ɗar ban ji ba.

Asabar da safe na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar taushe da kabewar da na samo a shagon 'yan Afirka. Hajiya Mariya ta ara min babbar kularta. Ta ce, "Ka yi musu phone? Bature sai da appointment." Na ce ai mutuwa ma ba ta yi musu waya ba. Ta ce, "Gaskiya ne. Allah ya ba ka lada." Ba ta tambaye ni inda na sami adireshi ba, ni ma ban ga abin faɗa a ciki ba.

Jirgi biyu na hau da bas ɗaya, kula a cinya, miya tana ɗan tsiyaya a bakin mayafina. Unguwar tana yammacin gari, manyan gidaje, shiru. Sau biyu ina wuce gidan, don idona yana neman abin da ya saba gani: motoci, tabarmi, takalma a bakin ƙofa. Babu ko ɗaya. Na duba lambar da kyau na danna ƙararrawa.

Mahaifinta ne ya buɗe, dogo, bai yi aski ba, idanunsa sun faɗa. Na gaya masa ni ce malamar kemistirin Nora, na zo yi musu gaisuwar rashi, na miƙa masa kula. Ya karɓa don dai na miƙa, ya riƙe ta nesa da jikinsa. Sai ga Nora a kan matakala. Ta ce, "Miss?" Ta sauko da gudu ta faɗa jikina ta fashe da kuka. Na rungume ta ina shafa kanta, ina ba ta haƙuri da Hausa don Turancin ya gudu. Mun jima a haka a bakin ƙofa, wani ƙaramin ƙanenta yana leƙe daga bayan uban.

Da ta lafa, uban ya ce a hankali, "Ina kika sami adireshinmu?"

Kai tsaye na ce, "A kwamfutar makaranta."

Ya ce ya gode, ya ja 'yarsa ciki ya rufe ƙofa. Na koma Tottenham zuciyata wasai, ina ganin na sauke nauyi.

Ran Litinin katina ya ƙi buɗe ƙofar makaranta. Mai gadi ya ce in jira. Misis Helen ta sauko da kanta ta kai ni wani ƙaramin ofis, ga wata mata da ban sani ba da littafin rubutu a gabanta. Ashe uban ya rubuto, cikin ladabi, yana tambayar su wa da wa kuma suke iya ganin adireshin 'ya'yansa. Misis Helen ta lissafo min: na ɗauki bayanin iyali ba don aiki ba, na je gidan ɗaliba ba izini, na taɓa jikinta, na saɓa saƙon da aka aiko. Duk ina da amsarsu a bakina. Sai ta ce, "Me kika sa a miyar?"

Na fara ƙirgawa: kabewa, alayyafo, yakuwa, gyaɗa.

Ta ce, "Ƙanen Nora yana ƙaramin aji a nan. In ya ci gyaɗa numfashinsa ɗaukewa yake, da allura yake yawo. Yana rubuce a shafin iyalin da kika buɗe, ƙasan adireshin."

Ba wanda ya ci, uban zubarwa ya yi don bai san abin da ke ciki ba. Amma ni malamar kimiyya, ni mai cike takarda a kan ashana, na ɗauki abin da zai iya kashe yaro na kai gidan da aka yi mutuwa.

Aka dakatar da ni mako uku, aka ce kada in nemi ɗalibi ko iyaye ta kowace hanya. Na zauna a ɗakin nan na sama, ƙarfe huɗu gari ya yi duhu, na daina girki. Hajiya Mariya takan hawo da kwano ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Da ka tambaye ni zancen address, da na hana ka. Ni na ɗauka yaron ne ya ba ka. A wurin aikinmu an yi sacking mutum kan abin da bai kai wannan ba." Ta koya min abin da zan faɗa a zaman: kada in kawo zancen al'ada, kada in ce a garinmu, in ce na yi kuskure kawai. A cikin kwanakin Abba ya turo min hoton sabon fasfonsa, ya tambaye ni ko makarantar da zai shiga tana da filin ƙwallo. Na ce tana da shi.

Ranar zaman Derek ya raka ni, har da sa kwat. Mutum uku ne a teburin. Ba wanda ya ɗaga min murya, har ruwa aka zuba min. Aka karanta wasiƙa ta biyu daga uban Nora, yana cewa ya gane da kyakkyawar niyya na je, ba ya so a kore ni. Derek ya ce ya tsufa a ɗakin gwajin nan bai ga darasi irin nawa ba. Sannan shugaban makarantar ya tambaye ni ko na gane zuwana gidan kuskure ne. Gyaɗa kuskure ce, adireshi ma na yarda. Amma zuwan? Na tuna Abba, na buɗe bakina na ce e, bai kamata in je ba, kuma ba zan ƙara zuwa gaisuwar mutuwa gidan ɗalibi ba. Matar nan mai littafin rubutu ta rubuta. Ban taɓa jin na raina kaina kamar lokacin ba.

Bayan kwana huɗu takarda ta zo. Sun yaba da koyarwata, sun yi baƙin ciki, ba za su tabbatar da ni ba. Malamin da ke cikin gwaji in ya taɓa sirrin iyali, dokarsu ba ta bar wata hanya ba. Da na san haka ne da na faɗi gaskiyata, tunda korar dai ɗaya ce.

Wata Asabar aka ba ni awa ɗaya in kwashe kayana, lokacin babu yara. Derek ya riga ya haɗa min su a kwali, kular Hajiya a sama, an wanke ta tas an aiko ta ofis. An ba ni wata biyu in sami wata makarantar ko in bar ƙasar. Na nema, amma kowacce sai ta tambayi dalilin barin ta farko, daga nan in ji shiru. Ban cika wata biyun ba na taho.

Da na iso gida Abba ya karɓi jakata ya kai ɗaki, ya kawo min ruwa. Bai tambaye ni komai ba, har yau bai tambaya ba, kuma shirunsa ya fi min duk tambayoyinku ciwo. Gurbina a tsohuwar makarantata an ba wa wani. Yanzu 'ya'yan maƙwabta nake yi wa darasi a soro, ranar da suka ga damar zuwa.

Makon jiya Derek ya kira ni. Ya ce Nora ta koma makaranta bayan an dakatar da ni. An gaya wa ajin na tafi gida saboda dalilin iyali, haka aka ce kowa ya faɗa. Ta rubuta jarrabawarta, amma ta ajiye kemistiri. Uban bai taɓa gaya mata ya rubuta wasiƙa ba. Sai Derek ya ce Nora ta same shi a ɗakin gwaji tana neman adireshina, tana so ta rubuto ta ji me ya sa na tafi ban yi mata sallama ba. Ta tambaya a ofis an hana ta.

Ya ce, "Ina da lambarki. In kin ce in ba ta, zan ba ta."

Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, in ya ba ta shi ma ya taka dokar da ta kore ni. Kuma in na yi mata bayani, dole in gaya mata wasiƙar ubanta ce ta fara, shi kuwa shi kaɗai ya rage mata a iyaye. Na ce kada ya ba ta.

Ya ce, "To me zan ce mata?"

Na ce ya faɗi abin da aka ce a faɗa. Don haka har yau, a wurin yarinyar nan, ni ce malamar da ta rungume ta ran Asabar, ta ɓace ran Litinin ko sallama babu.